Shuɗin Koskela da Bokitin Ƙarshe

Yayana Arvid Koskela ya ƙarar da ƙarfinsa yana watsa gishiri a titunan Duluth, garinmu da ke bakin wani babban tafki a arewacin Amurka. Da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka, sai ya hau babbar motar hukumar gari, gabanta na ture ƙanƙara, bayanta na barbaɗa gishiri, ya yi ta hawa da gangara a kan tudun garinmu don kada motocin mutane su sulale su nufi tafki. Gishirin da ya zubar a rayuwarsa, in da za a tara shi wuri guda, da ya yi wani tudun. Amma shiga gidansa ka taɓa bokitin gishirin da ke ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan, ka ga wani Arvid da ba ka sani ba. Ni ce ƙanwarsa Marlys, ciki ɗaya muka fito, amma ko ni sai da ya taɓa doke mini hannu saboda na tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Bai taɓa aure ba, kuma ba rashin masoya ba ne. Akwai wata Gail da ta jira shi har ta gaji. Yana can yana nazarin ko a gidansa za su zauna ko a nata, ta auri wani mai sayar da tayoyi a ƙetaren gada. Haka Allah ya yi shi. In mun je gidan abinci, sai kowa ya kusa cinye nasa, shi yana nan yana tambayar mai kawo abinci me da me aka sa a miya. Ba rowa ba ce, ba kuma girman kai ba. Shi dai ba ya cewa to sai ya san abu ciki da waje, ni kuwa haƙurina bai kai tsawon ɗan yatsa ba, shi ya sa muka tashi muna faɗa muka tsufa muna faɗa.

Tankin kifi ya zo masa ne a shekarar da ya zame a ƙofar gareji ya karya ƙugu. Yana zaune a gida ya rasa abin yi, sai wani abokin aikinsa da zai koma Arizona ya jibge masa tankin gilashi mai tsawon kujerar falo, da kifaye biyu masu ratsin lemo da fari. Na ce masa, "Yaya, ga tafki iya ganinka a ƙofar gida, cike da ruwan daɗi, ka rasa abin kiwo sai kifin da ba ya rayuwa sai a teku?" Ya ce ai abin da ya ja shi ke nan. Yana so ya ga ko mutum zai iya dama teku da hannunsa a garin da teku ba ta san da shi ba.

Da ya fara takawa da sanda, ya je shagon kifi ya sayo dutsen teku guda don kifayen su sami wurin ɓuya. Bayan 'yan watanni wani abu ya ɓullo a gefen dutsen, ɗan mitsitsi kamar ƙurji. In wani ne, da ya kankare shi. Yaya ya ja kujera ya zauna da gilashin ƙara girma, yana son ya ga me zai zama. Ƙurjin ya yi tsini, tsinin ya rabu biyu, biyun suka sake rabuwa, sai ga murjani. Ni a da na ɗauka murjani dutse ne, ko wani tsiron ruwa. Yaya ya ce dabba ce: dubban ƙananan bakuna ne zaune a kan ƙashi guda, kuma da allin da ke narke a cikin ruwa suke gina ƙashin. Ya ba ni gilashin na duba, na ga bakunan suna buɗewa suna rufewa. Na kasa ɗauke ido.

Cikin shekara ashirin da ɗoriya abin ya kai girman kwandon wanki, rassa ta ko'ina kamar ƙahonin barewa. Jikinsa ruwan ƙasa ne, amma kan kowane reshe shuɗi, irin shuɗin harshen wutar gas. Duk wanda ya sauko ɗakin ƙasan nan sai maganarsa ta tsaya a baki.

Masu kiwon murjani na garinmu suna haɗuwa wata-wata a ƙasan cocin Lutheran, su sha gahawa, su ci kek, su yi musayar gutsattsarin murjani a cikin leda. Al'adarsu ce in wani iri ya fito a tankin mutum, ba a san shi a wani wuri ba, sai a laƙaba masa sunan mutumin. Ta haka aka sami Shuɗin Koskela. Yaya bai hana kowa ba, duk wanda ya roƙa sai ya gutsura ya ba shi. Amma a tankin kowa sai shuɗin ya gudu, abin ya koma ruwan ƙasa, ba a daɗe ya mutu. A gidan Yaya kaɗai yake zama. Wasu suka ce fitilarsa ce, wasu suka ce yadda ruwansa ke kaɗawa ne. Shi ya ce gishiri ne, kuma ba a ja da shi a kan gishiri.

Wani ƙaramin kamfani ne a Ohio yake haɗa gishirin nasa, uba da 'ya'yansa, suna zuba shi a bokiti rawaya. Ba irin na miya ba ne. Farin gari ne da aka cuɗa abubuwa da dama a ciki, har da allin nan, yadda in ka dama shi da tataccen ruwa zai zama ruwan teku. Kowace Asabar da hantsi Yaya zai kwantar da bokitin a ƙasa, ya yi ta mirgina shi da ƙafa daga wannan bango zuwa wancan, wai masu nauyin suna kwanciya a gindi in ba a motsa su ba. Sannan ya auna, ya zuba a durom na roba, ya kunna ɗan injin da ke juya ruwa, ya bar shi ya kwana. Ran Lahadi bayan coci ya zuƙe wani kaso na tsohon ruwan tankin da tiyo, ya mayar da sabo. Ba ya ƙara wani magani kamar yadda sauran 'yan ƙungiyar ke yi. Sabon ruwan nan shi kaɗai ne abin da murjanin ke gina ƙashinsa da shi. Bokitan da suka ƙare kuwa ni yake kawo wa, ina shuka tumatir a ciki.

Bayan ya yi ritaya da 'yan shekaru, wata rana da kaka na raka shi shagon kifi, don ƙugun ba ya barinsa ɗaukar kaya. Denise mai shagon tana ganin mu ta ajiye ragar da ke hannunta.

"Baba Arvid, zauna tukuna in gaya maka."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Tsohon nan na Ohio ne ya rufe kamfani, 'ya'yan sun ce ba za su iya ba. Ga abin da ya rage mini." Ta nuna 'yan bokitai rawaya da ke jere a lungu.

Yaya ya tsaya yana kallon su. Can sai ya ce in kwashe su duka in kai mota.

"Kada ka tayar da hankalinka, Baba," in ji Denise. "Ga gishiri nan iri-iri a kanta. Ka zaɓi ɗaya yau, ka riƙa cuɗa shi kaɗan-kaɗan da naka tun kana da shi. Kafin rawayan ya ƙare murjanin ya saba, ko sani ma ba zai yi ba."

"Wanne?"

"Kowanne. Duk suna aiki."

Ina ma ta san wanda take gaya wa haka! Ka ce wa Yaya kowanne, ka gama ɗaure shi hannu da ƙafa.

Da taron wata ya zo na bi shi, don in ji yadda za ta kaya, don kuma matar faston ce ke yin kek ɗin. Magana ɗaya aka yi ranar. Wata likitar haƙori ta ce ya ɗauki mai jan bokiti, allinsa ya fi yawa, murjani yana tsiro da shi kamar ciyawa. Wani ya ce ai yawan allin nan ne ke ƙona kan rassa, gara na Jamus, yana narkewa tas kamar sukari. Na kusa da shi ya ce na Jamus ne ya taɓa share masa tanki guda. Wani saurayi ya ce nasa daga tekun gaske ake ƙafar da shi, aka ce masa to ya sayo har da dattin tekun ke nan. Kowa yana rantsuwa da nasa, kowa kuma yana da gawar da zai ɗora wa na wani.

Duane Halvorsen, abokin Yaya tun firamare, tsohon mai gyaran firji, ƙato ne da dariyarsa ke girgiza kofuna a kan tebur. Ya bari sai da aka gaji, sannan ya share baki ya dubi Yaya ya ce, "Tuzuru, ni dai mai farin bokiti nake saya, wanda Denise ke ajiyewa a can ƙasan kanta. Kuma ba abin da ya taɓa mutuwa a hannuna sai ɗan gatan nan naka."

"Mai farin bokitin?" in ji Yaya. "Na fi yarda da wanda nake zubawa a titi."

"To ɗebo na titin mana, ai kana da hanya."

Aka kwashe da dariya. Yaya bai yi ba. Na gan shi yana bin fuskar kowa da kallo, kuma na san abin da ke ransa: a ganinsa ɗaya daga cikinsu yana da gaskiya, sauran duk za su kashe masa murjani, shi kuwa bai san wanne ne ɗayan ba.

Sai ya yi abin da na san zai yi. Ya sayo ƙaramar jaka ta kowane iri, ya jera 'yan ƙananan tankuna a kan kantar ɗakin ƙasa, kowanne da nasa gishirin, kowanne da gutsuren murjani kamar gaɓar yatsa. Ya kira ni in zo in gani. Ina sauka ya miƙo mini cokali da ruwa a ciki.

"Ɗanɗana."

"Yaya, ni fa abincin yara nake dafawa a makaranta tun kafin ka san kifi. Gishiri gishiri ne."

"Ɗanɗana dai, uwar tsiwa."

Na ɗanɗana, don in rufe masa baki. Abin mamaki, ashe ba ɗaya ba ne. Na farko zartsi ne kawai. Na biyu yana da ɗaci a can ƙarshen harshe. Na uku kamar ka lashi ƙusa. Ya zuba mini garin wani a tafin hannu, ya ɗiga ruwa, ya ce in damƙe. Sai na ji ɗumi yana tashi a hannuna, daga gishiri fa, ba wuta ba komai. Ya nuna mini wanda ke barin dauɗa mai ruwan ƙasa a bakin durom, da wanda ke sa ruwa ya yi hazo na yini guda kafin ya washe. Kafin in ankara, na zama mai biyowa ta gidansa kowace yamma in na tashi aiki, in sauka in leƙa 'yan tankunan ɗaya bayan ɗaya. Har na yi nawa gwanin, na biyun daga hagu, muna gardama a kansa kamar masu kallon ƙwallo.

Gwajin bai haifi komai ba. Wannan zai yi kyau mako guda har Yaya ya fara murmushi, sai ya dusashe. Wancan da aka fid da rai sai ya farfaɗo, ya sake komawa. Babu wanda ya riƙe shuɗinsa. Duane ya zo ya leƙa, ya ce ɗan ruwan kofi ba ya gwada komai, da rana ya yi zafi da safe ya yi sanyi, ko wane gishiri ka sa haka za ka gani. Yaya ya ce ya ji, ya zubar, ya gutsuro sababbi, ya sake daga farko. Denise in ta gan shi sai ta ce, "Baba, an zaɓa?" Shi kuma ya ce yana nan yana dubawa.

Sanyi ya shigo sosai, tafki ya daskare daga bakin gaɓa. A nan ne na lura rabona da samun bokiti rawaya an daɗe. Na tambaye shi. Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya faɗa: ya daina canza ruwa kowane mako. Da farko ya mayar da shi bayan mako biyu, daga baya wata-wata, yanzu kuma sai in ya ga dama, kuma ɗan kaɗan. Bokiti na ƙarshe ma, wanda bai taɓa buɗewa ba, ya ɗauke shi ya ɓoye don kada hannunsa ya kai.

"Tattali nake yi," in ji shi.

"Ba kai ka ce mini da sabon ruwa yake gina ƙashinsa ba?"

"Yana da ƙarfi. Zai jure har in gano wanda ya dace."

"In kuma ba ka gano ba fa? Ka rufe ido ka nuna ɗaya mana, kamar yadda kowa ke yi!"

"Shi ya sa na kowa yake mutuwa."

Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na yi fushi na daina zuwa na ɗan lokaci, shi ma bai neme ni ba.

Wata safiya wajen ƙarshen sanyi waya ta yi ƙara. Ba gaisuwa ba komai, sai na ji, "Marlys, zo." Na zura takalmi na fita ko hula ban ɗauka ba.

Na same shi tsaye a gaban tankin da kayan barci. Gindin murjanin ya yi fari fat, farin ƙashi. Naman yana saɓulewa yana yawo a ruwa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Akwai layi tsakanin inda ya mutu da inda yake da rai, kuma in ka ƙura masa ido ka ɗauke ka sake dubawa, sai ka ga ya ɗan hau. Kawunan rassan suna nan da shuɗinsu, ba su san abin da ke tahowa ba.

Duane ya iso da 'yar jakarsa. Ya ɗebi ruwan tankin a ƙaramar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya ɗaga wajen fitila. Ranar bai ce masa Tuzuru ba.

"Arvid, ruwan nan ya gaji. Babu sauran alli a ciki, ya tsotse shi tas. Yaushe rabonka da canzawa?"

Sai Yaya ya ce, "Ina da bokiti guda. Sabo, ban taɓa fasa shi ba."

Ya nufi 'yar ma'ajiyar tawul da ke jikin sauna, inda yake shiga wankan gumi kowace Asabar da yamma kamar yadda babanmu yake yi. Ya janyo bokitin daga bayan tawul. Tun kafin ya buɗe na ji wani abu bai yi daidai ba, don da ya karkata shi ban ji wannan shuu ɗin da garin gishiri ke yi ba. Murfin yana da 'yar tsaga siririya a gefe, wadda ba wanda zai gani sai ya nema. Tururin sauna na duk tsawon sanyin nan ta nan ya yi ta shiga. Gishirin ya dunƙule ya zama dutse guda, da siffar bokitin.

Ya ɗauko guduma ya farfasa wani ɓangare, ya zuba a durom, ya kunna injin. Ruwan ya yi fari kamar madara. Muka tsaya mu uku muna jira ya washe, ya ƙi.

"Bar shi," in ji Duane a hankali. "Laima ta riga ta daskarar da allin. Ko shekara zai yi yana juyawa ba zai narke ba."

Yaya ya zauna a kan matakalar sauna da gudumar a hannu. Tun muna yara ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba. Ya hana murjanin abin da zai rayu da shi don ya adana masa wannan bokiti, ga shi bokitin ma ya riga murjanin mutuwa.

Duane ya yi gyaran murya. "Ina da durom cike a gida, tun jiya yake juyawa. Mai farin bokiti ne. In kana so."

Yaya ya ɗago kai. Na ga bakinsa yana shirin tambaya, ya ma fara: "Shi wannan ɗin, allin da ke cikinsa..."

"Yaya!" Na daka masa tsawa. "Na rantse in ka sake yin tambaya ɗaya, ni da kaina zan je in ɗauko in zuba, ka mutu da baƙin ciki."

Ya dube ni, ya dubi tankin. Farin layin ya kai inda rassa suka fara rabuwa.

"Kawo," in ji shi.

Muka yi ta jigilar ruwa a jarkoki daga motar Duane, muna takawa a hankali don ƙanƙarar ƙofar gida. Da muka gama, Duane ya faɗi sauran maganar. Uwar murjanin ba za ta tsira ba, sabon ruwa ba ya tsayar da abin in ya fara. Dabara ɗaya ce: a yanke kan kowane reshe can sama da farin layin, tun bai iso ba, a dasa su a ruwa mai kyau, a jefar da sauran. Ya ciro filaya daga jakarsa, ya ce in Arvid ba zai iya ba shi zai yi.

"Ni zan yi," in ji Yaya.

Ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu har kafaɗa. Ya daɗe da filayar a kan reshe na farko, har na buɗe baki zan yi magana, sai na ji ƙas. Ya miƙo mini ɗan guntun na sa a kwanon da nake riƙe da shi. Bayan wannan bai sake tsayawa ba. Ƙas, ƙas, ƙas, yana yanka ina karɓa, Duane yana manna kowanne da gam a kan ɗan dutse yana jerawa a wani ƙaramin tanki da ya kawo tare da ruwan. Ɗakin ya cika da ƙarni, hannuna ya yi yauƙi. Kifayen suka shige bayan duwatsu suka ƙi fitowa. Duane yana ta cewa, "Wancan ya makara, bar shi, kama na sama."

Da aka gama, abin da ya rage a tankin kututture ne fari mai guntayen rassa. Yaya ya sa hannu biyu ya girgiza shi har ya rabu da dutsen, ya ɗago shi ruwa yana zuba. Ya tsaya rungume da shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ashe haka yake da nauyi," in ji shi. "Ban taɓa ɗaukarsa ba."

Na juya na hau sama, wai zan ɗora gahawa.

Da yawa daga cikin guntayen sun mutu a makon farko, kowace safiya sai ya tsame wani. 'Yan kaɗan suka rayu. Kafin ƙanƙara ta saki bakin tashar jiragen ruwa sun kama duwatsunsu, har sun fara tsawo. Duk sun koma ruwan ƙasa. Yanzu mai farin bokiti Yaya yake saya, yana canza ruwa ba fashi. In an tayar da gardamar gishiri a taron ƙungiya sai ya tashi ya ƙaro gahawa. Ba wanda ke ambaton Shuɗin Koskela a gabansa, ko Duane. Denise ta ce shuɗin yana iya dawowa in sun yi ƙarfi, yana kuma iya ƙin dawowa har abada, ba wanda zai ce ga dalili.

Ranar Talatar da ta wuce na kai masa miyar kifi. Ban ko ajiye tukunyar ba ya ce in sauko. Ya ɗora yatsa a jikin gilashin, daidai kan guntun da ya fi sauran tsawo.

"Dubi can ƙarshen. Ba can ba, nan, inda ya yi tsini. Kin ga wani abu?"

Na sa tabarau na sunkuya. Na duba ta gaba, na duba ta gefe, na kare hasken fitila da hannu na sake dubawa. Allah ya sani na so in gani. Ruwan ƙasa ne tun daga gindi har kai. Na yi tunanin in ce masa na gani, amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma da na yi da ya gane.

"Ban ga komai ba, Yaya."

Yatsansa yana nan a kan gilashin.

"Ni ma ban gani ba," in ji shi. "Na ce ko idona ne ya tsufa."